Muryar Baffa

Shafi na 27

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Masu turo min saƙo tun da sassafe wai na ɓoye muku Safiyatu, ku yi haƙuri, ga ta nan. Wanda kuma yau ya fara shigowa, ga inda muke: shekarar 2006 ce. An kori Safiyatu daga gidan rediyo saboda rahoton da ta yi a kan masana'antar jima ta Alhaji Gwadabe da ke Challawa, wadda ruwan dattinta ke gangarawa cikin lambunan ƙauyensu. Alhajin yana neman kujerar majalisa, babu gidan jaridar da ya yarda ya taɓa maganar. Sai ta mai da labarin fim.

*

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe a-daidaita-sahu ya sauke ta a Sharaɗa, bakin kamfanin da ke buga faifan fim. Babu wanda ya gayyace ta.

Mako uku ke nan Dalhatu, daraktan fim ɗin, yana yi mata yawo da hankali. Yau ana haɗa hoto, gobe ana ɗora murya, jibi edita ya tafi biki. Jiya kawai ta ga fosta a bangon wani shago a Na'ibawa: RAHOTON ƘARFE SHIDA, zai fito ranar Litinin. Fim ɗin da ta rubuta da hannunta, a jikin bango ta ji ranar fitarsa.

Tana shiga ta tarar da mata a layi suna zura faifai cikin leda, injina na ta ƙugi. Can lungu akwai talabijin da ake gwada faifan da aka buga. Dalhatu na zaune a gabanta yana shan lemo.

Yana ganinta lemon ya sarƙe shi.

"Anti Safiya! Ke ce da kanki? Ai da kin kira ni."

"Na kira ka sau tara."

"Wallahi wayar ce..."

"Saka min in gani."

"Ai kin san labarin, ke kika rubuta."

"Dalhatu, saka min."

Ya saka. Ta ja kujera ta zauna, jakarta a cinya.

Farkon fim ɗin lafiya lau. Ga Zulaihat, jarumar da ta fito a matsayin 'yar jarida, tana bin kwata da rikoda a hannu. Ga mai masana'anta yana kiran shugaban gidan rediyo a waya. Har Safiyatu ta fara jin kunyar zargin da ta yi.

Sai aka wuce wurin da Baffa ya kamata ya fito, bai fito ba.

Baffa Isyaku ƙanin mahaifinta ne, shi ya riƙe ta tun tana shekara huɗu. Duk fim ɗin wasa ne, ban da wurinsa. Shi ba ɗan wasa ba ne. Ya zauna a bakin lambunsa, ya naɗe wando, ya nuna wa kyamara gyambon da ruwan ya yi wa ƙafafunsa, ya faɗi abin da ya sani. Wata biyu bayan haka Allah ya karɓi abinsa.

"Ina Baffa?"

"Yana nan. Mun ɗan matsar da shi gaba ne."

"Gaba ina?"

Dalhatu ya dubi silin.

A ƙarshen fim aka sako shi. Ga hularsa da ta koɗe, ga gemunsa, ga kansa a sunkuye yadda ya saba magana. Rabon da ta ga fuskarsa tun ranar da aka fita da shi. Hoton ya sauka kan ƙafafunsa, sai murya ta fito:

"Ni dai tsakanina da Allah, wannan ciwo tun ina saurayi nake da shi. Yarinyar nan 'yar jarida ita ta zaunar da ni ta koya min abin da zan faɗa. Ruwan kamfani bai taɓa yi mana komai ba."

Safiyatu ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Jakar ta faɗi.

Ku da kuka taso yanzu ba lalle ku gane ba. A wancan lokacin kyamara ba ta ɗaukar magana da kyau, iska da ƙarar janareta duk shiga suke yi. Sai an gama ɗaukar hoto 'yan wasa su je situdiyo, kowa ya kalli bakinsa a talabijin ya maimaita maganarsa. Shi ake kira ɗora murya. Sharaɗi ɗaya Safiyatu ta kafa wa Dalhatu tun ranar farko: kowa a ɗora masa, ban da Baffa. A bar shi da muryarsa, ko da iska, ko da kukan awaki.

"Me ka yi?" ta ce.

"Anti, zauna mu yi magana."

"Me ka yi wa mamaci, Dalhatu?"

"Ki rage murya, ma'aikata na ji."

"Su ji!"

Matan layi suka dakata, suka dube ta, suka ci gaba da zura faifai.

Dalhatu ya matso. "Kin san 'yan kasuwa sun ƙi karɓar fim ɗin nan? Kowa na kai wa sai ya ce ba ya son rigima ana gab da zaɓe. Sai ga wani bawan Allah ya ce zai ɗauki nauyin bugawa, har da fosta, har da talla a rediyo. Gyara kaɗan kawai ya nema."

"Wane bawan Allah?"

Ya sosa ƙeya.

"Alhaji Gwadabe," ta ce.

"Ni ban faɗa ba."

"Fim ɗin da na yi don in tona shi, shi ya buga shi."

"Anti, fim ne fa. Wasa ne."

"Ƙafar Baffa ma wasa ce?"

Ni kuwa na ce Dalhatu, da ka sha lemonka ka yi shiru da ya fi maka.

Ta ce, "Mayar min baya."

Ya mayar. Ta rufe ido ta saurara, yadda ta saba sauraron rahoto kafin a sa shi a iska. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ba ta ji wata baƙuwar murya ba. Muryar Baffa ce. Ga 'yar dusashewar nan, ga yadda yake jan "tsakanina da Allah", ga ɗan tarin da yake yi kafin ya ambaci sunan mutum. Duk wanda ya san shi a ƙauye zai rantse shi ne. Kuma an yanka hoton da wayo, duk inda bakinsa zai fito sai a nuna ruwa ko ƙafa.

Mutum ɗaya ne a duniya yake da wannan murya. Tun da ya zama saurayi idan ya yi sallama daga zaure, matan gida sai su ja mayafi su ce Malam ya dawo.

Ta buɗe ido.

"Ya'u ne. Ɗansa na cikinsa."

Dalhatu ya ɗauki kwalbar lemo, ya ga babu komai ciki, ya ajiye.

*

A ƙofar kamfanin ta tsaya ta kira Bala. Tsohon abokin aikinta ne, shi kaɗai ya rage a gidan rediyon da yake ɗaga wayarta, shi ma sai ya fita waje.

Ta faɗa masa komai a tsaye, tireloli na wucewa.

"Innalillahi," in ji Bala. "Kina da asalin maganar?"

"Kaset ɗin kyamara yana hannun Dalhatu, na san an salwantar da shi. Amma ranar na kunna rikodata. Ka san ni, ko gaisuwa zan je sai na kunna."

"Yana ina?"

"Na ba Ya'u ajiya. Lokacin da aka fasa min ɗaki na ji tsoro, na ce ya ɓoye a wurinsa."

Bala ya ja salati. Ita ma sai yanzu ta ji abin da bakinta ya faɗa.

"Safiya, saurara. Oga ya tafi Abuja, sai Lahadi. Yau ni ke da labaran ƙarfe shida. Zan iya ba ki minti biyar, daga nan kome zai faru ya faru. Amma sai da kaset. Ban da kaset ba zan iya ba."

"Zan samo."

"Zan kira ki biyar da rabi."

*

Ƙarfe biyu ake canjin aiki a Challawa. Tun daga kwana warin fata da sinadari ya tare ta, warin da ta yi shekara tana faɗa wa mutanen birni suna cewa ta cika ƙorafi. Ta tsaya gefen mai sayar da rake tana kallon ma'aikata na fitowa, wasu a keke, wasu a ƙafa, hannuwansu sun rine.

Da yawa 'yan ƙauyensu ne. Sun gan ta sarai. Wani ya sunkuyar da kai, wani ya tsallaka titi. Tun da aka fara cewa tana so a rufe kamfani mutane su rasa abinci, gaisuwarta ta yi tsada. Ta saba, amma sabo bai hana abin ciwo ba.

Can ta hango shi. Ya'u ɗan Baffa ne na cikinsa, ƙaninta da shekara biyar, tabarma ɗaya suka yi barci a kai. Da yana sashen wankin fata, cikin ruwa har gwiwa. Yau ga shi da riga mai tsabta da biro a aljihu.

"Yaya Safiya."

"An ƙara maka girma."

"Sito aka mai da ni."

"Yaushe?"

"Sati biyu."

"Barka."

Ya dubi rake, ya dubi titi, ya dubi takalminsa.

"Na fito daga Sharaɗa," ta ce. "Na ji Baffa yana magana."

Ya waiga hagu da dama.

"Yaya, mu matsa daga nan."

"Nan ya yi min. Ka faɗa min da wane baki ka yi."

"Ba ki san yadda aka yi ba."

"Shi ya sa na zo."

Ya ja ta gefen katanga. Ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu. Ta duba, ta kau da kai, ta sake dubawa. Daga idon sawu zuwa ƙwauri fatar ta yi baƙi ta tsage, daidai inda na Baffa ya fara.

"Tun bara," ya ce. "Ko matata Ma'u ban bari ta gani da rana. Likita ya ce in na ci gaba da shiga ruwan nan, shekara biyu ba zan taka ba. Na roƙi a canja min sashe sau huɗu, suka ce in ban so in ajiye aikin. Rannan sai aka ce Alhaji na kira na ofis. Ni ban taɓa ko ganin ƙofar ofishinsa ba."

"Sai ya ce ka sayar da ubanka."

"Ya ce magana uku ce kawai. Ya ce Baffa ya riga ya tafi, babu abin da zai same shi. Ni kuwa ina da 'ya'ya huɗu."

"Babu abin da zai same shi? Ranar Litinin duk Kano za ta ji Malam Isyaku ya ce shi maƙaryaci ne. Mutumin da ko a cinikin tumatir bai taɓa ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan kwando ba."

"Na sani."

"Da muryarka."

"Na sani, Yaya! Kina tsammani ina barci? Ko sallama na yi a gida sai in ji kamar shi ne yake tambayata."

Hawaye ya zubo masa. Ta so ta ji tausayinsa, ta kuma so ta kwaɗa masa mari, ta rasa wanda za ta fara. A duniya ba ta da uwa, ba ta da uba, aure ya mutu tun tuni, aiki ya tafi. Wannan mai tsagaggiyar ƙafar shi ne ya rage mata.

"Ba ni kaset ɗina."

Ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da shi. Ashe yana yawo da shi. Ga rubutunta a jiki da jan biro: BAFFA, LAMBU.

Ta kai hannu, ya riƙe.

"Babu komai a ciki."

"Me ka ce?"

"Alhaji ne ya ce in zo da shi. A ofis aka kunna min na yi ta ji, don in kama yadda Baffa ya yi maganar ranar. Da muka gama ya ce in shafe a gabansa. Ya ba ni rediyonsa, na mayar farko, na danna jan maɓalli. Muna zaune yana ta juyawa. Da ya gaji ya ce ya isa, ya jefo min, ya ce in mayar miki ki sha shiru."

Ta karɓa.

"Yaya, ki yafe min."

Ta jefa kaset ɗin cikin jaka.

"Yaya, in mutanen gari suka san ni ne, wallahi ba ni ba zama a ƙauye. Ko gawata ba za su ɗauka ba. Ki rufa min asiri don darajar Baffa."

"Darajar wa?"

Ta juya ta tafi. Yana kiranta, da muryar nan, har ta sha kwana ba ta waiwaya ba.

*

Biyar saura ta isa ɗakinta a Na'ibawa. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, katifa, akwati, da kwalin kasa-kasai na shekara tara da ta yi tana aiki. Maƙwabta na tsakar gida suna hira, da ta shigo suka yi shiru, da ta rufe ƙofa suka ci gaba.

Ta zauna a ƙasa da mayafinta. Ba ta ci komai ba tun safe, kuma babu wanda zai tambaye ta ko ta ci.

Ta san babu komai a kaset ɗin. Amma ta saka shi a rikoda, don ko shirun ne, shirun wurin da Baffa ya taɓa zama ne. Ta danna.

Shhhhh.

Ta jingina kai da bango.

Sai ta ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Sai ƙarar cokali a kofi.

Ta ɗago.

"Yana gogewa ko?" wata murya mai kauri ta ce.

"Yana yi, ranka ya daɗe."

"Madalla. To kafin ya gama, sake yi min in ji. Kada ka je situdiyo gobe ka ba ni kunya."

Safiyatu ta dafe ƙirji. Ta yi hira da wannan murya sau biyu, ta ji ta a tallan siyasa sau ɗari. Alhaji Gwadabe ne.

Allah sarki. Mutumin da ya sayi gidan rediyo da darakta da 'yan kasuwa, bai san cewa ƙaramin rediyo mai kaset ba ya shafewa haka kawai ba. In ka danna jan maɓalli, abin da ke cikin ɗakin yake ɗauka ya ɗora a kan na da.

"Wannan ciwo tun ina saurayi nake da shi..." Ya'u ne yake kwaikwayon Baffa.

"A'a! Ka sa 'tsakanina da Allah' a farko, haka tsohon yake yi. Kuma ka ce ita ta koya maka. Ita nake so a tsana, ka gane? Ruwan kuwa kowa ya san namu ne, amma wa zai tsaya aunawa bayan uban gidan da kansa ya ce ƙarya ne?"

Dariya. Cokali a kofi.

"Ya sunanka ma?"

"Ya'u, ranka ya daɗe. Ya'u Isyaku."

"To Ya'u Isyaku, daga gobe ka bar shiga ruwa."

Minti ashirin suna yi. Komai ya fito tas, kamar a situdiyo aka ɗauka. Abin da ta yi shekara tana nema, abin da aka kore ta a kansa, ga shi a cikin tafin hannunta. In wannan ya shiga iska ƙarfe shida, fim ɗin Litinin ya mutu, sunan Baffa ya wanku. Kuma babu yadda za a yanke Ya'u a bar Alhaji, maganarsu a sarƙe take, ga sunansa har da na ubansa.

"Ya isa haka, kashe," in ji Alhaji.

Ƙas.

Sai iska. Sai kukan akuya daga nesa. Sai ɗan tari.

"...shi ke nan abin da na sani. Safiya, kin gama? To kashe abin nan haka."

Ta toshe bakinta da mayafi. Wannan ba Ya'u ba ne. Ƙarshen hirar ce, inda shafewar ba ta kai ba.

"Ungo wannan tumatir ɗin, na wancan gefen ne, ruwan bai taɓa shi ba. In za ki wuce ki miƙa wa Ya'u. Yaron nan ba ya faɗar damuwarsa, na ga yana ɗingishi. Ki riƙa duba shi, kin ji? Ke ce babba."

Kaset ya kai ƙarshe, maɓallin ya ɗago da kansa.

Ta daɗe tana kallon rikodar. A tsakar gida wata na kiran 'yarta ta zo ta ɗauke shanya.

Wayarta ta yi ƙara. Biyar da rabi daidai.

"Safiya, ina ƙofar situdiyo," in ji Bala, yana haki. "Kin samo?"

"Na samo."

"Alhamdu lillahi! Hau mota yanzu, zan jira ki a bakin get. Ya fito sosai? Muryar wa da wa ke ciki?"

Ta buɗe baki.

"Safiya? Kina ji na? Na ce muryar wa ke ciki?"